Ma'aunin Tasirin Bincike kan Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Matsalar Harshe

A jami'o'i ana auna tasirin masani da yawan maƙalunsa da kuma yawan manazartan da suka kafa hujja da su. Bisa wannan ma'auni, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan yana sahun gaba a binciken kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙananan asibitoci, manufar da Nijeriya ta amince da ita a 1991.

Sai dai da Ingilishi ake wallafa ayyukan. Majinyaci a Obi ta Jihar Nasarawa kuwa da Hausa ko Alago yake bayyana ciwonsa, kuma kalmar "damuwa" ta ƙunshi cuta da ɓacin rai na yau da kullum. Rarrabe waɗannan ma'anoni aikin masana harshe ne. Muddin ba a yi shi ba, amfanin binciken zai tsaya a mujallu.