Lahadi a Jado, Inda Babu Ƙararrawa

Wanda ya tashi daga Agadas ya fuskanci arewa maso gabas, ya ratsa Tenere inda ido ba ya samun abin sauka sai rairayi da sararin sama, ya yada zango a Dirku bayan tafiyar kilomita fiye da 600, sa'an nan ya bi gindin duwatsun Kawar ya wuce Segedin, to, idan Allah ya nufe shi da isa, zai tarar da wani kufai bisa tudu wanda ake kira Jado, gidajensa na laka mai gishiri sun hau kan juna kamar gidan gara, dabino ya kewaye shi, ga tabki a gindinsa wanda sauronsa na cikin dalilan da ake bayarwa na tashin mutanen garin. Barebari da Tubawan da suka gaji wurin suna zaune a Cirfa, ba sa komawa tsohon garin sai lokacin ɗiban dabino, kuma a ƙidayar 2012 mutanen gundumar duka ba su cika dubu ɗaya ba. Haka wurin yake shiru har watan Afrilu na 2014, lokacin da labari ya bazu cewa an tsinci zinariya a saman ƙasa, dubban mutane suka kwararo daga Nijar da Cadi da Sudan da Libiya, kowa da jarkar ruwansa da na'urar da ke kuka idan ta ji ƙarfe, har hukuma ta rufe wurin a farkon 2017.

Mas'alar da nake so mu duba ita ce halin Kiristan da ya sami kansa a irin wannan wuri. Galibin mutanen Kawar Musulmi ne tun zamani mai nisa, domin littattafan tarihi na Larabawa sun kawo labarin isowar Uƙba ɗan Nafi'u wannan yanki tun ƙarni na farko na Hijira. Amma hanyar da ta bi ta Dirku zuwa Libiya ta daɗe tana ɗauke da baƙi daga kudancin Nijeriya da Gana da Kamaru, da yawansu Kiristoci, ga kuma soja ko malamin asibiti ko malamin makaranta da gwamnati kan turo daga kudu. Mu ƙaddara ɗayansu, saurayi wanda ya tashi a gidan masu bi a karkarar Maraɗi, ya saba tun yana goye da jin ƙararrawar sujada, da waƙar zumuntar mata, da zagayowar kwanon baiko, ya zo neman abin aure, Lahadi ta riske shi a bakin rami. Majami'a mafi kusa da za a nuna masa tana can wajen Agadas, kwanaki a mota, fasto babu, wanda zai raba jibin Ubangiji babu, kuma abokan aikinsa, waɗanda a kullum suke yin taimama da rairayi su tsaya sahu sau biyar, ba su san cewa ranar ta bambanta da Asabar a wurinsa ba.

Kafin mu tausaya masa da yawa, ya kamata mu tuna cewa ƙaranci ba baƙon abu ne ga Kiristan Nijar ba, domin ba su kai ɗaya bisa ɗari na jama'ar ƙasar ba. 'Yan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka zauna Tsibiri kusa da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950 da na kutare a Danja, kuma cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito tun 1932, aikin da sunan Likita Mila na Wusasa ba ya rabuwa da shi. A ɓangaren Katolika kuwa, an kafa dayosis ɗin Maraɗi a 2001, aka ba bishop guda ɗaya riƙon Maraɗi da Tawa da Damagaram da Difa da Agadas gaba ɗaya, ƙasar da ta fi Nijeriya faɗi, ta yadda Jado ma, a kan takarda, tana cikin garkensa. Jama'ar da take haka ta koyi yin ibada ba tare da taron kasuwa ba, ta kuma ɗanɗana tsoro: ranar 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa, an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum goma suka rasa rayukansu, alhali waɗanda aka ƙona wa ɗakin ibada ba su da hannu ko murya a abin da aka yi a Paris. An sami Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu a gidajensu a waɗannan kwanaki, kuma shugabannin ikkilisiya sun yi kira ga yafewa. Bayan haka aka sace Fada Pier Luigi Maccalli a Bomoanga a Satumban 2018, bai sami kansa ba sai Oktoban 2020 a ƙasar Mali.

Amma a ganina, irin wannan jarrabawa, duk da zafinta, ita ce mai sauƙin fahimta, saboda wanda aka tsananta masa domin addininsa ya san a wane sahu yake, kuma sau da yawa tsanani kan ƙara wa mutum yaƙini. Jarrabawar Jado daban take. Babu wanda ya hana saurayin nan addu'a, Tubawa ba ruwansu da abin da yake karantawa muddin ya biya kuɗin ruwa. Abin da ke cinsa shi ne watanni suna wucewa, na'ura ba ta yi kuka ba, bashin mai mota yana hawa, wani da ya san ba ya salla ba ya sujada ya tsinci dunƙule ya sayi Hilux, shi kuwa da yake roƙo safe da yamma ko garin tuwo da ƙyar. A nan waswasi ke shigowa, ba da ƙarfi ba, a hankali kamar yadda rairayi ke cika rijiya: shin ana jin addu'ar nan kuwa, ko dai al'ada ce ta gidanmu wadda na ɗauko kamar yadda na ɗauko harshen uwata?

Wannan ciwo tsoho ne, kuma abin sha'awa, a hamada aka fara rubuta alamominsa. Rahiban Masar na ƙarni na huɗu, mabiyan tafarkin Antoniyo wanda ya rasu a 356, sun shiga halwa a sahara suna zaton sun bar duniya da fitinunta a baya, sai suka tarar cewa fitina mafi girma tana cikin ƙirjinsu. Ɗaya daga cikin malamansu, Ibagiriyos, wanda ya rasu a 399, ya ba ta suna shaiɗanin tsakar rana, ya kwatanta yadda mai zuhudu kan ga kamar rana ta tsaya cak ba ta tafiya, ya riƙa leƙen ƙofa, ya ƙi wurin da yake, ya ƙi aikin hannunsa, ya soma tunanin cewa da a wani wuri yake da ya fi kusa da Allah. Maganin da suka bayar ba mai daɗin ji ba ne, domin ba su yi alkawarin wahayi ko mafarki ba. Cewa suka yi mutum ya zauna inda yake, ya ci gaba da saƙar kwandonsa, ya karanta Zaburarsa a kan lokaci ko zuciya ta so ko ba ta so ba. Duk almajirin da ya taɓa zama gaban malamin tasawwufi zai gane wannan nasiha, domin wuridi ma haka ake cewa a riƙe shi a ranar nishaɗi da ranar kasala. Shi kansa Littafi Mai Tsarki bai ɓoye masu shakka ba: akwai Ayuba da ya yi jayayya da abokansa a kan toka, da Iliya da ya kwanta a jeji ya roƙi mutuwa aka ba shi gurasa da ruwa maimakon amsa, da Toma wanda ya ƙi yarda sai ya taɓa, kuma ba a kore shi daga cikin almajirai ba.

Inda zamani ya tsananta al'amarin shi ne wayar da ke aljihu. Mahaƙi ko matafiyi yakan cika katin wayarsa da waƙoƙi da wa'azi kafin ya bar Agadas, idan kuma ya sauko Dirku ya sami layi, saƙonnin WhatsApp da hotunan Facebook su zubo masa gaba ɗaya, ya ga sa'o'insa a Turai sun jingina da motocin da watakila ba nasu ba ne. A cikin wa'azin da ya fi yawo akwai wanda ake kira bisharar arziki, wadda ta yi ƙarfi a kudancin Nijeriya tun zamanin Benson Idahosa na birnin Benin, wanda ya rasu a 1998, kuma daga jihar Edo da birnin yake ciki ne ɗimbin masu bin hanyar Libiya suka fito. Ban musa cewa wannan koyarwa ta ɗaga kan talakawa da yawa, ta cire musu jin cewa an halicce su don wahala. Amma idan aka kai ta bakin ramin Jado, sai ta zama wuƙa a hannun mai ita, domin wanda aka koya masa cewa wadata ita ce shaidar imani, ranar da ya rasa, dole ya yanke ɗayan hukunci biyu, ko imaninsa jabu ne ko Allahnsa ba ya nan. Daga nan zuwa ƙwayar Tramadol, wadda ta zama abokiyar aikin ƙarfi a wuraren haƙa da yawa, tafiyar ba ta da nisa. Hamada kuwa ba ta tambayar addini: mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a arewacin Arlit a Oktoban 2013, galibinsu mata da yara, talakawa ne daga kudancin Nijar masu neman abinci a Aljeriya, kuma babu mai hankalin da zai ce ƙarancin imani ne ya lalata motarsu.

Akwai wani mutum da ya zauna a wannan sahara wanda labarinsa ya fi dacewa da saurayinmu fiye da na masu wa'azin waya, wato Charles de Foucauld, Bafaranshen da ya yar da addini yana matashi, ya yi rayuwar holewa a soja, sa'an nan ganin yadda Musulmin Maroko ke tsayawa salla a tafiyarsa ta 1883 zuwa 1884 ya tayar masa da tambayar Allah, har ya koma ga addinin iyayensa. Ya zauna Tamanrasset cikin Abzinawa daga 1905, ya yi shekaru yana tattara ƙamus na harshensu da waƙoƙinsu, akwai lokacin da ba shi da izinin yin hadayar Mas saboda babu wani Kirista tare da shi, kuma har aka kashe shi ranar 1 ga Disamba 1916, makonni kaɗan kafin Kawusan, jagoran boren Abzinawa, ya kewaye Agadas, bai tara jama'ar masu bi ba. Gaskiya ta wajabta a faɗi cewa bai rabu da hafsoshin mulkin mallaka ba, kuma Abzinawa suna da hujja idan suka tuna da wannan. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne farkon 1908, lokacin fari, da ya rabar da abincinsa ya kwanta ciwo har ya fid da rai, sai maƙwabtansa Musulmi, waɗanda su ma yunwa ke ci, suka bi rugage suna neman akuyar da ke da sauran nono suka shayar da shi har ya tashi. Ya zo a matsayin mai bayarwa, aka mayar da shi mai karɓa, kuma masu nazarin rayuwarsa suna ɗaukar wannan ciwo a matsayin juyi na biyu a imaninsa. Fadar Paparoma ta sanya shi cikin waliyyai ranar 15 ga Mayu 2022.

To, me ya rage wa Kiristan Jado idan an cire ƙararrawa da mawaƙa da fasto? Abin da ya haddace ne kawai, kamar gardi da aka raba shi da allonsa: Addu'ar Ubangiji, da 'yan Zabura, da waƙoƙi biyu ko uku na Littafin Waƙoƙi da uwarsa ke rerawa tana daka. Ga kuma ɗabi'a, wadda a wurin da ake auna zinariya da ƙaramin sikeli, ake kuma sayar da ruwa da tsada, ita ce wa'azin da kowa ke iya karantawa, domin wanda bai ha'inci abokin raminsa ba ranar rabo, kowa ya san shi ko bai taɓa buɗe baki ya ambaci Almasihu ba. Na kuma lura cewa kiran salla, wanda wani zai zaci yana ƙara masa kaɗaici, yakan zama agogonsa, idan abokai suka fuskanci gabas shi ma ya koma gefe ya sunkuyar da kai, har wani dattijo ya ce masa, ɗana, kai ma je ka gai da Ubangijinka, mu tsare maka kayan. Majami'ar Katolika ta Agadas, wadda ke tsaye a garin da hasumiyar masallacinsa ta laka ta samo asali tun 1515, tana ɗauke da sunan Agustin, mutumin ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda shi ma ya yi shekaru yana yawo tsakanin mazhabobi uwarsa Monika tana kuka a kansa kafin a yi masa baftisma a 387.

A watan Nuwamba 2023 hukumomin soja na Yamai suka soke dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, motoci suka koma fita daga Agadas a fili kamar da, mutane a jere a bayan Hilux, ƙafafu a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa masa don kada barci ya kayar da shi, fuska a naɗe saboda ƙura. A cikin jakunkunansu, tare da garin kwaki da dabino da lambar wayar wani ɗan'uwa a Sabha, akan sami carbi, akan kuma sami ƙaramin Sabon Alkawari a ƙunshe cikin leda.