Jonathan Davies da Zargin Cin Amana

Ƙwallon zari-ruga iri biyu ce tun 1895, lokacin da ƙungiyoyin arewacin Ingila suka ɓalle kan batun biyan 'yan wasa: mai mutum 15, wadda ta haramta albashi, da mai mutum 13, wadda take biya. Jonathan Davies, haifaffen ƙauyen Trimsaran a Wales, ya wakilci ƙasarsa a duka biyun. Yana cikin tawagar Wales ta masu mutum 15 da ta zo ta uku a gasar duniya ta 1987, sannan a 1989 ya koma ƙungiyar Widnes ta masu mutum 13, inda ake biya.

Wasu suka ce kwaɗayi ya sa ya juya wa ƙasarsa baya. Zafinsu abin fahimta ne, don Wales ta rasa gwaninta yana kan ganiyarsa. Amma a ganina laifin na dokar ne. A lokacin filaye na cika, kuɗin ƙofa na shiga, shi kuwa mai karya ƙashinsa an hana shi cin guminsa. Hukumar wasan da kanta ta soke haramcin a 1995, kuma a shekarar Davies ya dawo wasan masu mutum 15 a ƙungiyar Cardiff, daga baya ya sake saka rigar Wales.