Abakpa ko Abakwa: Yadda saɓanin rubutu ke ɓatar da gidaje daga ƙididdiga

A takardun hukuma Abakpa ake rubutawa, amma a bakin Bahaushen Kaduna sunan unguwar Abakwa ne. Mai Keke Napep ba ya ruɗewa, duk wanda aka faɗa masa zai kai fasinja can maƙwabtan Unguwar Shanu. Kwamfuta kuwa unguwanni biyu take gani.

Wannan ɗan saɓani yana cikin abubuwan da ke lalata aikin ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da na Jami'ar Jihar Kaduna idan suka zo nazarin bayanan binciken kammala karatu.

Inda gizo ke saƙar

A ce ɗaliba ta zaga gidaje 200 tana tambayar kuɗin da suke kashewa wajen sayen ruwa, ta shigar da amsoshin cikin manhajar R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙira a Jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand. Sai ta umarci manhajar ta mayar da duk "Abakpa" zuwa "Abakwa". Da ta duba, sai ta tarar da NA, wato alamar babu bayani, a gurbin sunan unguwar.

Dalili shi ne, idan R ta ɗauki layin sunaye a matsayin rukuni, takan riƙe jerin sunayen da ta sani. Duk baƙon suna da aka cusa mata sai ta mayar da shi NA. Gargaɗi kawai take bayarwa, aikin ba ya tsayawa, shi ya sa mai gaggawa ke wucewa bai lura ba. Kafin fitowar R 4.0.0 a watan Afrilun 2020, manhajar da kanta take mayar da rubutu rukuni yayin shigar da bayanai. Maganin shi ne a ƙara sabon sunan cikin jerin, ko a mayar da layin rubutu zalla kafin sauyin.

Kuɗi ma haka ne. Idan an rubuta "5,000" da waƙafi, aka ce R ta mayar da shi lamba, NA za ta bayar. Ɗalibar da ta ce a tsallake guraben da babu bayani za ta samu matsakaicin kuɗi, amma na gidajen da suka rage kaɗai.

Manhajar Stata kuma tata matsalar daban ce: tana ɗaukar gurbin da babu bayani a matsayin lambar da ta fi kowace girma. Wanda ya ce a ware masu shekara sama da 60 a matsayin tsofaffi, zai haɗa har da waɗanda ba su faɗi shekarunsu ba.

Ba ɗalibai kaɗai ba

A watan Oktoban 2020, hukumar lafiyar al'umma ta Ingila ta amsa cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna ɗauke da korona sun faɗo daga rahotanninta, saboda tsohon tsarin fayil na Excel da aka yi amfani da shi ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. Hakan ya jinkirta bibiyar waɗanda suka yi mu'amala da su.

Rigakafin ba ya cin ko kwabo. A ƙirga guraben da babu bayani kafin sauyi, a sake ƙirgawa bayansa. Idan adadin ya ƙaru, akwai abin da ya salwanta. A adana ainihin fayil ba tare da taɓa shi ba, a riƙa zuba gyara a sabon layi domin a kwatanta da tsohon. Sannan a karanta kowane gargaɗi da manhaja ta fitar.

Gidan da ya faɗo daga lissafi, ba za a tuna da shi ba ranar da za a zaɓi inda za a haƙa rijiyar burtsatse.