Dearfield: Kafuwa da Watsewar Wani Garin Manoma Baƙar Fata a Amurka

Gabatarwa

Duk kufai yana da dalilin da ya sa mutanensa suka tashi: wani yaƙi ne, wani annoba, wani kuwa rashin ruwa. Wannan maƙala za ta dubi Dearfield, wani kufai da ke shimfiɗaɗɗen filin ciyawa na gabashin Jihar Kolorado a ƙasar Amurka.

Kafuwar Garin

Wani baƙar fata mai suna Oliver Toussaint Jackson ne ya kafa garin a shekarar 1910. Manufarsa ita ce 'yan'uwansa da wariyar launin fata ta takura wa a birnin Denba su mallaki gonakin kansu, su daina dogaro da ƙwadago. A wancan zamani dokar ƙasar ta yarda a mallaka wa mutum fili idan ya zauna a kai ya noma shi na wasu shekaru.

Waɗanda suka fara sauka a 1911 sun sha wuya ƙwarai. Yawancinsu a tantuna da ramukan da suka haƙa suka yi hunturun farko, ga kuma ƙarancin itacen wuta.

Bunƙasa

Shekarun farko an samu damina mai albarka. Manoman suka noma masara da wake da dankali da kankana, suka kuma yi kiwo. Yaƙin Duniya na Farko (1914-1918) ya ɗaga farashin amfanin gona, don haka kuɗi suka shigo. Zuwa 1920 mazauna yankin sun kai ɗaruruwa, da coci biyu da makaranta da gidan abinci.

Watsewa

Sai dai akwai rauni tun daga tushe: garin ba shi da ruwan ban-ruwa, da ruwan sama kaɗai ya dogara. Bayan yaƙi farashi ya faɗi. A 1929 tattalin arzikin Amurka ya karye, sannan fari da guguwar ƙura na shekarun 1930 suka kwashe ƙasar noma. Iyalai suka riƙa komawa birane ɗaya bayan ɗaya, har zuwa 1940 mutum 12 kacal suka rage. Jackson bai tashi ba, ya ci gaba da neman masu farfaɗo da garin har ya rasu a 1948.

Kammalawa

A 1995 aka sanya Dearfield cikin jerin wuraren tarihi na ƙasar, kuma 'yan gine-ginen katako kaɗan ne suka rage. Abin lura ga malamai shi ne, ba ƙwazo mutanen suka rasa ba. Sun auna ƙasar da shekarun yalwa ne, alhali shekarun fari ke nuna ko wuri zai riƙe jama'a.