A rage garke tun bisashe na da ƙiba

Ƴan uwa makiyaya, wanda ya ga farin 2005 da na 2010 a yankin Dakoro ya san yunwa ba ta kashe garke rana ɗaya. A 2010 shanu da yawa sun jure rani, sai ruwan farko ya ƙarasa su: sanyi ya kama ramammiyar saniya, ta kwanta, ta kasa tashi.

A aikina na duba lafiyar bisashe, shawarar da nake bayarwa ita ce: idan damina ta yi gardama, ciyawa ta yi ƙaranci daga kwarin Tarka zuwa Gadabeji, a sayar da tsofaffin shanu da bijimai tun Oktoba ko Nuwamba. Lokacin suna da nama, hatsi kuma na da araha. Kafin Mayu kasuwa ta juye: kuɗin sa ya faɗi, na gero da dusa ya hau.

Da kuɗin a sayi dusa da angurya, a ajiye a bankin cimakar bisashe na ƙungiya, saboda shanun tatsa da maruƙa. Gaskiya ne ƙungiyoyin agaji kan sayi ramammun bisashe su yanka su raba naman, amma kuɗin kaɗan ne, kuma ba ya kaiwa ga kowa.

Kafin a tashi kudu, a yi wa shanu allurar ciwon huhu, awaki da tumaki kuma ta annobarsu, domin a bakin rijiya, inda garkuna ke cuɗanya, cuta ke yaɗuwa. A taron ƙungiya mai zuwa, ku tsai da buhu nawa za ku ajiye bana.