Giɓin kasafin kuɗin Najeriya: aljihun wa ake tsukewa?

Kasafin kuɗin gwamnatin tarayya na 2025 ya kai kusan naira tiriliyan 55, amma abin da aka yi hasashen zai shigo baitulmali bai kai haka ba. Tazarar da ke tsakanin kuɗin shiga da kuɗin kashewa, wadda ta haura tiriliyan 13, ita ake kira giɓi, kuma da bashi ake cike ta. Bashin kuwa da kuɗin ruwa yake tafe. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 kashi 96 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya wajen biyan bashi ya tafi. Albashi da magani da gyaran hanya, sai an sake ciyo wani.

Kafin nan ma an daɗe ana bin wata gajeriyar hanya mai haɗari, wato karɓar rance kai tsaye daga Babban Bankin Najeriya. Zuwa 2023 rancen ya taru har naira tiriliyan 22.7, sai da Majalisa ta amince a mayar da shi bashin dogon zango. Kuɗin da aka zuba cikin kasuwa ba tare da kaya sun ƙaru ba, a farashin kwanon masara da shinkafa yake fitowa.

Hanya biyu ce ta rufe giɓi: a rage kashewa, ko a ƙara tarawa. Ta farkon an ɗauke ta da ƙarfi ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar a wurin rantsar da shi cewa tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kusa 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Ni ina cikin waɗanda suka yarda tallafin ya zama rami marar ƙasa, domin masu fasa-ƙwauri da manyan dillalai sun fi talaka cin moriyarsa. Sai dai mai a-daidaita-sahu ne ya fara jin zafin, shi da ma'aikacin da kuɗin mota ya cinye rabin albashinsa, da manomin rani mai ban-ruwa da injin fetur. Zanga-zangar watan Agusta 2024 a Kano da Kaduna daga nan ta samo wutarta.

To ita gwamnatin fa, me ta rage a jikinta? Tun 2012 kwamitin Stephen Oronsaye ya ba da shawarar a haɗe wasu hukumomi, a soke wasu, saboda da yawa aiki ɗaya suke yi, kowace da shugabanta da motocinta da alawus ɗinta. A Fabrairun 2024 aka ba da umarnin aiwatar da rahoton, amma majalisar ministocin da aka naɗa ta haura mutum 40. Wanda aka ce wa ya ɗaure cikinsa yana ganin jerin gwanon motocin da ke wuce shi a titi.

Ɓangaren haraji ya fi sarƙaƙiya. Abin da Najeriya ke tarawa bai wuce kusan kashi 11 cikin 100 na arzikin da take samarwa ba a 2021, ƙasa da yawancin ƙasashen Afirka. Amma ka faɗa wa ɗan kasuwa cewa ba ya biyan haraji, sai ya zaro maka tarin rasit: na rumfa, na shara, na allo, na sauke kaya. Direban da ya ɗauko shanu ko albasa daga Arewa zuwa Legas, shinge bayan shinge yake miƙa hannu, kuma mafi yawan abin da ya bayar ba ya ganin asusun gwamnati. Kwamitin gyaran haraji na Taiwo Oyedele da kansa ya lissafa haraji iri-iri sama da 60 a ƙasar.

Dokokin haraji 4 da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun taɓo wannan. An yafe wa mai samun naira 800,000 ko ƙasa da haka a shekara harajin albashi, an bar harajin sayen kaya na VAT a kashi 7.5, bayan gwamnonin Arewa sun ja daga kan yadda za a raba shi tsakanin jihohi. Wannan gyara ne mai kyau a takarda, domin ya karkata nauyin zuwa ga masu hali da manyan kamfanoni. Ƙarfinsa ya dogara da jihohi da ƙananan hukumomi: za su janye yaransu daga kan hanya da bakin kasuwa, ko kuwa sabon rasit ne kawai zai hau kan tsofaffin?

Akwai darasi a Kenya, wadda ta gwada tara kuɗi ba tare da yardar jama'a ba a 2024. Ranar 25 ga Yuni matasa suka kutsa harabar majalisa a Nairobi, aka rasa rayuka, washegari Shugaba William Ruto ya ce ba zai sa hannu kan dokar ƙarin harajin ba. Bayan makonni kaɗan ya sanar da rage kuɗin da gwamnatinsa ke kashewa, ya kuma sallami kusan dukkan ministocinsa.