Araha Ba Ta Ado: Yadda Ake Ta Da Tsohuwar Kunkuru A Gombe

Duk wanda ya yi wayo a garin Gombe tun yana cikin Jihar Bauchi, watau daga 1976 zuwa 1996, ba zai manta da 'yar motar nan mai ƙusumbi ta Volkswagen ba, wadda jama'a suka laƙaba wa suna kunkuru. A 1975 aka fara harhaɗa ta a Ojo ta Ikko, daidai lokacin da kuɗin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata, don haka ta zama dokin malaman makaranta da akawuna. Ta ƙarshe a duniya kuwa ta fito ne daga masana'antar Puebla ta ƙasar Meziko ran 30 ga Yuli, 2003, bayan an ƙera fiye da miliyan 21. Ashe ke nan wanda ya gaji ɗaya a bayan gidan mahaifinsa a Jekadafari ko Bolari, in ya bari ta ruɓe har 'yan gwangwan suka auna ta a sikeli, to, ba shi da inda zai sayo sabuwa.

Galibin masu son ta da irin wannan mota fenti ne kawai a ransu. Amma fenti riga ce, ba ya warkar da ciwon da ke jikin ƙarfe. Gaskiya ne busasshiyar iskar Gombe ba ta cin mota kamar iskar bakin teku, sai dai kunkuru tana da maɓoyar tsatsa da ta saba. Ta farko ita ce ƙarƙashin kujerar baya, inda batir yake zaune, ruwansa yana ɗiga yana cinye daɓen. Ta biyu ramin safayar taya a gaba, tun da yake injin a baya yake. Mafi hatsari kuwa su ne dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, domin su ke riƙe da gangar jikin. In sun ruɓe sai ka ga ƙofa ta sunkuya ta ƙi rufuwa.

Wani alherin wannan mota shi ne da noti aka ɗaure jikinta a kan daɓen, haka ma murafun tayoyi huɗun. Saboda haka gwanin gyara yakan kwance su, ya cire gilasai da fitilu da robobi, ya kankare tsohon fenti har ƙarfe ya bayyana. Inda ya lotsa a buge shi da guduma a hankali. Inda ya ruɓe a yanke, a yi waldar sabon falle. Bayan nan ne ake shafa fila kaɗan don daidaita fuska, a goge da samfefa, a fesa fentin ƙasa mai hana tsatsa, a sake gogewa, kana a zo kan launi, shafi biyu ko uku, ana barin kowane ya sha iska.

Mai gaggawa kuwa sai ya cusa fila a ramin tsatsa, ya liƙe gilashi da jarida, ya fesa launi a yini guda. Ranar karɓa mota tana walƙiya, amma kyan ɗan maciji ne: damina ɗaya tak fentin zai kumbura ya tsage, tsatsar kuma ta ci gaba da ɓarna a ɓoye. Mai mota yana iya gane wannan ha'inci da maganaɗisu, gama yana kama ƙarfe amma ba ya kama inda fila ta yi kauri.

Lokaci ma abin lura ne. Ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti ta mai da shi kamar fuskar mai zanzana, laimar watan Agusta kuma takan dusashe shi. Don haka a nemi rufaffen wuri, a yayyafa ruwa a ƙasa, a yi feshi da sassafe kafin iska ta tashi.

Daɗin daɗawa, akwai hakkin yaran gareji. Tururin tina da na fentin zamani mai haɗin sinadarin taurarawa yana jawo asma, tsohon fenti kuma sau da yawa akwai dalma a cikin ƙurarsa. Gwangwanin madarar da ake sha bayan feshi ba ya wanke huhu, ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ma bai wadatar ba. Abin rufe fuska mai matata shi ne kariya. Wanda ya sauya launin motarsa kuma ya tuna ya gyara takardunta a ofishin lasin.

To, mai karatu, in kana da kunkuru a ajiye, kada ka fara tambayar mai fenti yaushe zai gama. Ka ce ya kira ka ranar da ya kankare ta, ka ga ƙarfen da idonka kafin a rufe shi. Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.